Kayan Da Ba A Rubuta Ba, Wuta Ta Ci Bulus

Jawabin da wata 'yar ƙungiya, 'yar kasuwa kuma ɗalibar ajin yaƙi da jahilci, ta gabatar a madadin 'yan layin hatsi da man gyaɗa ranar bikin zagayowar kafa ƙungiyarmu.



Hajiya Shugaba, Uwar ƙungiya, Ma'aji da Magatakarda, malamanmu na aji, iyayenmu da mazajenmu da suka ba mu izinin fitowa, 'yan'uwa mata na Gwarzo da Getso da Kutama da Lakwaya, da waɗanda suka yi sammako daga Kabo da Garo da Gude, muna yi wa kowa sannu da zuwa. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Da kwamitin shirya biki suka ce mu ne za mu yi magana yau, wallahi sai da gabanmu ya faɗi. Mu da aka sani da awo da ciniki, ina mu ina tsayuwa gaban lasifika? Ba a daɗe ba ko sunanmu ba ma iya rubutawa, dangwale muke yi. To amma yau ga takarda a hannunmu, kuma mu muka rubuta ta da kanmu. In kun ji mun yi tuntuɓe, ku yi mana uzuri, ɗalibai ne mu.

Maganar da muka zo da ita ba mai daɗin ji ba ce a ranar biki. Maganar gobara ce da ambaliya, da yadda ake neman diyya a wajen kamfanin inshora bayan an yi asara. Mun zaɓe ta ne saboda abin da ya faru a kan idonmu.

Da yawanku kun tuna hunturun da wuta ta tashi a gidan hayar da wata 'yar'uwarmu take zaune. Ba za mu kama suna ba, tana nan cikinmu, kuma da izininta muke faɗa. Cikin dare aka kawo wutar lantarki da ƙarfi, waya ta kama a silin, ga iska tana kaɗawa. Alhamdu lillahi, ba a rasa rai ba. Amma ɗaki uku sun tafi. A nata ɗakin akwai gado da katifa, da keken ɗinki, da buhunan gyaɗar da ta saya da kaka tana jiran farashi ya ɗaga, sai kuma kayan ɗakin 'yarta da ta yi shekara uku tana tarawa, kwano ɗaya yau, tunkuya ɗaya gobe, saura wata biyu a ɗaura aure.

Da gari ya waye muna jaje, sai aka ce ai mai gidan hayar ya yi wa gidan inshora. Kowa ya yi hamdala. Muka ce shi ke nan, za a biya ta. Bayan makonni wani mutum ya zo da takardu da abin awo, ya auna bango, ya ƙirga kwanon rufi, ya ɗauki hoto. Ta bi shi tana lissafa masa kayanta. Ya saurare ta cikin ladabi, sannan ya ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, takardar nan ta gini ce, babu kayan 'yan haya a cikinta.” An biya mai gidan, ya yi sabon rufi. Ita ko sisi. Mu muka ɗebo daga asusun jaje, muka yi karo-karo, abin da muka haɗa bai kai kuɗin keken ɗinkin ba. An ɗaga bikin yarinyar.

Tun daga ranar muka ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Muka shiga tambaya. Muka tambayi malamarmu ta aji, muka tambayi 'ya'yanmu da suka yi karatu, wasunmu suka hau mota har birni suka zauna da ma'aikatan kamfanonin. Abin da muka samo shi muka kawo muku.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne. A watan Maris na 2016 wuta ta tashi a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ta cinye dubban shaguna a dare ɗaya. A damunar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari, inda muke saro atamfa da shadda, ya jiƙa dilolin kaya. Manyan 'yan kasuwa ke nan fa, masu jari. Hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha da ta tarayya sukan kawo tallafi, Allah Ya saka musu, amma tallafi kyauta ce, abin da aka ba ka shi ne rabonka. Diyyar inshora kuwa haƙƙi ce da ka biya kuɗinta tun kafin abin ya faru, kana da bakin nemanta.

Mun san abin da ke ran wasunmu: shin inshorar nan ta halatta kuwa? Mu ba malamai ba ne, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da za mu iya faɗa shi ne akwai tsarin da ake kira takaful, wanda aka gina shi a kan taimakekeniya. An fara kamfani irinsa a ƙasar Sudan a 1979. A nan Najeriya, Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi kamar Jaiz Takaful da Noor Takaful da Salam Takaful. Kowannensu sai da kwamitin malamai masu duba aikinsa. Yadda abin yake, kowa yana zuba gudummawa a asusu ɗaya, wanda tsautsayi ya afka wa a biya shi daga ciki, in an samu rara a ƙarshen shekara a raba wa waɗanda suka cancanta. Kun ga ai ɗan'uwan asusun jajenmu ne, sai dai ya fi namu faɗi, kuma komai nasa a rubuce yake. Ba talla muka zo yi wa kowa ba. Ko takaful ce ko inshorar da aka saba, hanyar neman diyya kusan ɗaya ce.

Abu na farko da za mu riƙe: gini daban, kaya daban. Takardar mai gidan haya tana kare bango da rufi da ƙofa da taga. Gadonki da firizarki da injin markaɗenki da buhunanki, sai ke kika yi musu tasu takardar. Haka yake a ɗakin kwana, haka yake a shago ko siton da kika kama haya a kasuwa.

Amma akwai wata ƙofa da ba mu sani ba a lokacin. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta wa masu gine-ginen da jama'a ke amfani da su, har da gidajen haya, su yi musu inshora saboda gobara da ambaliya da iska da rushewa, kuma inshorar ta haɗa da alhakin da zai hau kan mai gini in wani ya cutu a ciki. A watan Agusta na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbinta, kuma wajabcin yana nan. Ma'ana, in ta tabbata sakacin mai gidan ne ya jawo asarar, 'yar haya tana da hanyar neman haƙƙinta. To ina shaidar sakacin? 'Yar'uwarmu ta sha gaya wa yaron mai gidan cewa wayar silin tana tartsatsi. Da baki ta faɗa. Ranar da ake buƙata, babu wanda ya tuna. Da ta rubuta layi biyu da kwanan wata, ta ba shi ɗaya ta ajiye ɗaya, ko ta tura saƙo ta waya, da tana da abin nunawa. Saboda haka in kin ga bango ya tsage, ko rufi yana yoyo, ko waya tana zafi, ki faɗa cikin mutunci, kuma ki rubuta.

A cikinmu kuma akwai masu ba da haya, musamman iyayenmu da mazansu suka rasu suka bar musu ɗaki biyu ko uku, da kuɗin hayar suke ciyar da marayu. Iya, in za a yi wa gidan takarda, a tambaya ko ta haɗa da kuɗin hayar da za a rasa a watannin gyara, domin ba kowace takarda ce take da shi ba, ƙari ne da ake nema. Kuma a duba sunan wa ke kanta. In gidan na gado ne ba a raba ba, a daidaita da magada tun yanzu, kada ranar biya a tsaya ana jayayyar wa zai sa hannu.

Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. Neman diyya ba ranar gobara yake farawa ba, yau yake farawa. Ga abubuwa biyar da za a yi tun ana zaune lafiya.

Na ɗaya, littafi. Ki samu littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ki rubuta duk abin da kika mallaka mai daraja: mene ne, yaushe kika saya, nawa kika saya. Kayan sana'a kuma a riƙa rubuta shigarsu da fitarsu, buhu nawa, jarka nawa. Ki riƙa karɓar rasit ko da mai shago ya ce ai mun saba. Ki ɗauki hoton ɗakin da na siton da waya. Sannan abu mafi muhimmanci: kada littafin da rasit ɗin su kwana wuri ɗaya da kayan. In wuta ta ci kaya ta ci shaida, an yi biyu babu. Ki tura hotunan ta WhatsApp wajen ɗanki ko ƙanwarki, ki ajiye kwafi a wani gidan.

Na biyu, gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ana cike fom aka tambaye ki me ake yi a gidan, ki faɗa. Da yawanmu a tsakar gida muke suyar ƙuli-ƙuli da matsar mai, wasu 'ya'yansu suna ajiye jarkokin fetur na sayarwa a zaure, wasu suna da tukunyar gas. In kin ce gidan kwana ne kawai, aka zo aka tarar daga kaskon suya wutar ta tashi, kamfani yana da hujjar ƙin biya. Haka irin ginin: na bulo da kwano daban yake a wajensu da ginin ƙasa ko mai rufin ciyawa. Ki faɗi yadda naki yake, su faɗa miki ko sun karɓa, kuma a rubuta.

Na uku, ƙimar kaya. A nan ne wata 'yar'uwarmu ta ɓangaren Kabo ta sha mamaki. Ita ta yi takardar, tana da littafi, tana da rasit. Sai dai don gudummawar ta yi sauƙi, ta rubuta kayan sitonta na naira 300,000, alhali ranar da wuta ta kama akwai na naira 600,000 a ciki. Abin da ya ƙone na naira 200,000 ne. Ta ɗauka za a ba ta duka, tunda bai kai abin da ta rubuta ba. Aka ce a'a, rabin kayanki kika sa a takarda, rabin asarar za a biya. Aka ba ta naira 100,000, a ciki ma aka cire wani ɗan kaso da takardar ta ce mai kaya ne zai ɗauka da kansa. Ta ji zafi, amma da kuɗin ta koma kasuwa a makon da aka biya ta. Darasin shi ne a rubuta ƙimar gaskiya, kuma tunda farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya, duk shekara in za a sabunta a sake lissafi. Masu sayen hatsi da kaka su tuna sito ya fi cika a watannin da wuta ta fi tashi.

Na huɗu, a san me takardar ta ɗauka da me ta bari. Takardar gobara zalla ba ta biyan ambaliya ko iskar da ta yaye rufi, sai an ƙara su. Mu kuwa a nan mun san abin da ruwan Agusta yake yi wa katanga. Sata ma takardarta daban, kuma galibi sai an ga alamar fasa ƙofa ko ɓalle kwaɗo. Tsabar kuɗi da gwal da aka ɓoye ƙarƙashin katifa yawanci ba sa ciki, ko kuma an yi musu iyaka. Bangon da ya daɗe yana zaizayewa, ko azarar da gara ta cinye a hankali, wannan gyaran mai gida ne, ba tsautsayi ba ne a wajensu. In takardar da Turanci take, kada kunya ta hana ki cewa a karanta miki a fassara, layi bayan layi.

Na biyar, biya. Ƙa'idar ita ce in ba a biya kuɗin ba, babu kariya. Ba irin cinikinmu ba ne da ake cewa ɗauki, in kasuwa ta ci ki kawo. In wa'adin ya ƙare ranar Litinin, wuta ta tashi Talata, ba ki sabunta ba, shi ke nan. Kuma a biya cikin asusun kamfani, a karɓi rasit da takardar da ke ɗauke da sunanki da lamba. Akwai masu yawo da jaka suna cewa su wakilai ne. A nemi shaidarsu, a kira ofishin kamfanin a tabbatar. Sannan 'yan'uwa, in kayan naki ne, sunanki ya kamata ya hau takardar. Ki yi shawara da maigida, ku fahimci juna, amma dukiyar mace tata ce, addini ma ya tabbatar mata.

To, Allah Ya kiyaye, in abin ya faru fa? Rai ne a gaba. A fitar da yara da tsofaffi, a kira 'yan kwana-kwana, kada wadda ta koma cikin hayaƙi don ɗauko akwati. Bayan an kashe wuta, a ranar ko washegari a sanar da kamfani. A kira lambar da ke jikin takardar, sannan a bi da saƙo a rubuce, domin kowace takarda tana da wa'adin sanarwa, in ya wuce magana ta yi wuya. Kada a ce sai an gama karɓar 'yan jaje.

Sannan a yi haƙuri da shara. Mun san halinmu, da zarar wuta ta mutu maƙwabta za su zo da tsintsiya da kwando don su taya mu kwashe toka. Ku yi musu godiya, ku ce a dakata. A ɗauki hoto ta kowace kusurwa tukuna. Ƙonannen keken ɗinki da narkakkiyar firiza da bakin buhunan da suka rage su ne shaidarki, kada a sayar wa 'yan gwangwan sai mai ƙiyasin asara ya zo ya gani. Abin da ya tsira kuwa a kwashe shi zuwa inda ruwa ko ɓarawo ba zai same shi ba, don kula da ragowar yana wuyanki. A nemi rahoton hukumar kashe gobara. In sata ce, rahoton 'yan sanda. A sanar da mai unguwa, domin shaidarsa tana ƙara wa magana nauyi.

Mai ƙiyasin nan kamfani ne yake turo shi. Ba maƙiyinki ba ne, amma kuma ba lauyanki ba ne. Ki zauna da shi da littafinki a hannu, da wani naki mai karatu a gefe. Ki faɗi abin da ya ƙone daidai, kada ki ƙara ko tiya ɗaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in aka kama ƙari a abu ɗaya ana iya soke diyyar baki ɗaya. Kuma ki sani manufar ita ce a mai da ke inda kike kafin asarar. Katifar da ta shekara shida ba lallai a biya ta a kuɗin sabuwa ba, sai in takardarki ta faɗi haka.

Daga ƙarshe za a kawo takardar sallama, mai ɗauke da adadin da za a biya. Sa hannu a kanta yana nufin kin yarda, magana ta ƙare. Nan ne wurin da karatunmu zai yi mana rana. Kada ki sa hannu, kada ki dangwala, sai kin ga adadin da idonki kin gamsu. In ba ki gamsu ba ki nemi a nuna miki lissafin a rubuce. Dokar 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan wannan takarda, kuma har yanzu doka ba ta bar biya a hannun ganin dama ba. In an yi ta ja miki rai, ko an ƙi biya babu gamsasshen dalili, akwai sashen karɓar koke a hukumar NAICOM, kuma tana da ofishi a Kano. Ki tafi da kwafin komai: takardar, rasit, hotuna, saƙonnin da kika tura da kwanakinsu.

Hajiya Shugaba, muna da roƙo uku ga ƙungiya. Na farko, a samar da akwatin ƙarfe a wajen Magatakarda, inda kowace 'yar ƙungiya za ta ajiye kwafin jerin kayanta a cikin ambulan a rufe, babu mai buɗewa sai ita. Na biyu, muna roƙon malamanmu su ware darasi ɗaya a wata don rubuta jerin kaya da karanta rasit da cike fom. Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna, ta zo da 'yarta ko jikarta. Na uku, a naɗa mata uku su je su ji ta bakin kamfanoni fiye da ɗaya a kan takarda ta haɗin gwiwa ga 'yan ƙungiya, su zo mana da farashi da sharuɗɗa a rubuce, mu zauna mu tantance a taron wata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda ya zo da mutum hamsin ba a yi masa kallon wanda ya zo shi kaɗai.

Mun yarda da ƙaddara, mai kyau da marar kyau. Abin da Allah Ya rubuta babu mai gogewa. Amma Shi ne kuma Ya hore mana hankali da alƙalami. Ko wadda ba ta da niyyar yin inshora ko takaful, littafin nan zai yi mata amfani ranar rabon gado, da ranar da saɓani ya shiga tsakaninta da mai gidan haya, da ranar da hukuma ta zo rubuta waɗanda suka yi asara.

'Yar'uwarmu da muka fara da labarinta ta aurar da 'yarta bara, da yawanmu mun sha biki. Yanzu ita ce take zama a layin gaba a aji. Jiya da muke gwajin wannan jawabi ta nuna mana littafinta, shafi huɗu cif, har da ludayi. Ta ce mu gaya muku kwafinsa yana gidan yayarta a Getso.

Allah Ya tsare mu da gobara da ambaliya, Ya tsare mana 'ya'yanmu da dukiyarmu, Ya ja zamanin wannan ƙungiya, Ya ji ƙan waɗanda muka faro tare da su ba su kawo yau ba. Kurakuran da ke ciki namu ne, a yafe mana.